Sunan fayil ya koma shuɗi ko kore: wanne ne abin tsoro?

A launukan da sunan fayil kan rikiɗe ya koma a kwamfuta mai Windows, shuɗi ne ke sa mutane garzayawa wurin mai gyara, alhali shi ne mafi ƙarancin illa. Kore kuwa, wanda ke iya raba ɗalibi da wahalar shekara guda, ba a cika damuwa da shi ba, wasu ma burge su yake yi. Duk wanda ya saba zama a shagunan buga takardu na Samaru, ko na Kongo, ko na Tudun Wada a Zariya, ya sha jin tambayar nan: "Malam, don Allah duba mini, sunayen fayil ɗina sun canza kala. Ko bairos ne ya shiga?" Amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin yaran shago ita ce a yi wa kwamfutar fomat, wato a goge Windows a ɗora sabuwa, kowa ya huta. Ga mai shuɗin suna, fomat asarar lokaci ne da kuɗi kawai. Ga mai koren suna, shi ne ke iya raba shi da fayilolinsa har abada, ko da daga Legas aka ɗauko injiniyan da zai duba.

Akwai abin da in aka gane shi sauran bayanin zai zo da sauƙi: fayil ba shi da launi. Abin da ke rubuce a had-dis game da kowane fayil shi ne sunansa, da girmansa, da ranar da aka ƙirƙire shi, da ranar da aka taɓa shi a ƙarshe, da wurin da bayanansa ke kwance, sai wasu 'yan alamomi da amsarsu e ce ko a'a. A ɓoye yake? An matse shi? An kulle shi? Wa ke da izinin buɗewa, wa ke da izinin gyarawa? Babu inda aka rubuta "shuɗi" ko "kore". Manhajar da ke baje maka jerin fayiloli a allo ita ke leƙa waɗannan alamomi, sannan ta zaɓi launin da za ta rubuta sunan da shi. Kamar fentin da dillalai ke shafa wa raguna ne a kara gabanin Babbar Sallah. Ba launin ragon ba ne, shaida ce ta wanda ya shafa, kuma jan da ke nufin "an saya" a wurin wannan dillali yana iya zama tambarin mai garke ne kurum a wurin na kusa da shi. Saboda haka tambayar "me kore yake nufi?" ba ta da amsa sai an faɗi a wace manhaja aka gan shi.

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na ABU da na Nuhu Bamalli, masu ɗora Ubuntu ko Kali, wato nau'o'in Linux, a laftof ɗinsu a madadin Windows, su suka fi kowa ganin haka. Da sun buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni suka buga ls, jerin zai fito kala-kala. Folda shuɗiya ce. Fayil ɗin da ake iya kunnawa a matsayin manhaja kore ne. Ƙunshi irin su zip da tar ja ne, hotuna da bidiyo kuma shunayya mai haske. Mahaɗar da ke nuni zuwa wani fayil tana zuwa da ruwan sararin samaniya, in kuwa abin da take nunawa ya ɓace sai ta koma ja a kan baƙi. Duk wannan yana cikin wani dogon layin rubutu mai suna LS_COLORS. A cikinsa za ka ga di=01;34, wato a rubuta sunan folda da kauri, da launi mai lamba 34. Lambobin sun girmi Linux ɗin kanta, wadda ta zo a 1991: daga ƙa'idar ECMA-48 suke, mai asali tun 1976. Lamba 31 ja, 32 kore, 33 rawaya, 34 shuɗi, daga 40 zuwa 47 kuma launin filin da ke bayan rubutun. Wanda ya ga dama ya mayar da 34 ɗin nan 33, foldojinsa duk su koma rawaya, ba tare da an taɓa ko ƙwayar bayani ɗaya a cikinsu ba.

Abin da kan ruɗa sababbin shiga shi ne ranar da suka soka had-dis ɗin da aka saba amfani da shi a Windows, suka ga komai ya koma kore, har takardar Word da hoton biki, foldoji kuma shuɗin rubutu a kan koren fili. Ba wani abu ba ne. Tsarin izini na Windows da na Linux ba ɗaya ba ne, don haka sau da yawa Linux kan ɗauka cewa kowa na da izinin komai a wannan had-dis, karantawa da gyarawa da kunnawa. Izinin kunnawa shi ya jawo kore, izinin kowa ya yi rubutu a folda shi ya jawo koren fili. A Mac kuwa, in ka buga ls -G, manhaja ja take fitowa, launin da Linux ta ware wa ƙunshi. Masu rubuta manhaja a VS Code suna da nasu: kore sabon fayil ne, ruwan ɗorawa wanda aka yi wa gyara, ruwan toka wanda aka ce Git, manhajar da ke bibiyar gyare-gyaren fayiloli, ta kau da kai daga gare shi. Sai ɗigon launuka bakwai na Finder, manhajar baje fayiloli ta Mac, da Apple ta kawo a 2013, waɗanda mai kwamfutar ke liƙawa da hannunsa, ma'anarsu kuma duk abin da ya ce ne.

To, mu koma Windows, inda mafi yawanmu muke.

A nan launukan biyu ne kacal, kuma dukansu daga tsarin ajiya na NTFS suka fito, wanda Microsoft ta kawo a 1993 tare da Windows NT. A 1995 aka ƙara masa dabarar matse fayil, a 2000 aka ƙara ta kullewa. Daga Windows XP har Windows 7, wadda har gobe ita ke kan kwamfutoci da yawa a shagunan garin nan duk da Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, a kunne launukan suke zuwa: wanda aka matse shuɗi, wanda aka kulle kore, sauran duk baƙi.

Matsewar ba wani siddabaru ba ce. Ɗauki rubutun da kalmomin "Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya" suka yi ta maimaituwa a cikinsa. Maimakon a sake ajiye haruffan duk sa'ad da suka dawo, sai a sa 'yar gajeriyar manuniya: koma baya haruffa kaza, ka kwafo guda kaza. Abraham Lempel da Jacob Ziv ne suka wallafa wannan dabara a 1977, kuma wadda NTFS ke amfani da ita, LZNT1, daga zuriyarta take. Windows kan yanka fayil gunduwa-gunduwa, galibi kilobayit 64 kowace, ta matse kowace gunduwa daban. Wadda ta ƙi raguwa sai ta ajiye ta yadda take. In ka danna fayil ɗin, Windows ta warware shi a ɓoye ta miƙa wa Word ko Excel, ba ka ma san an yi ba. Nan ya bambanta da zip, wanda sai ka warware shi da kanka. Mai son ganin ribar da ya ci ya danna fayil ɗin da hannun dama na linzami, ya shiga Properties, ya gwada lambobin da ke gaban Size da Size on disk. Na farko girman fayil ne na gaskiya, na biyu filin da ya ci a had-dis.

Sau da yawa ribar ba ta taka kara ta karya ba. Hoton JPG, da sautin MP3, da bidiyon MP4, duk a matse aka haife su, babu sauran abin ragewa. Takardar Word ma tun Office 2007, mai ƙarewa da .docx, zip ce a cikinta: kwafi ɗaya ka sauya ƙarshen sunan zuwa .zip ka buɗe, za ka tarar da foldoji a ciki. Wanda ya matse foldar wa'azi da hotunan suna da fina-finai don ya samu fili, shuɗin suna kawai ya samu.

Mutum zai ce shi bai matse komai ba, kuma yawanci gaskiya ya faɗa. A zamanin XP, manhajar share shara ta Disk Cleanup tana da zaɓin matse duk fayil ɗin da aka yi kwana 50 ba a buɗe ba, mutane kuma sai su yi ta danna OK ba tare da karantawa ba, washegari su ga rabin takardunsu sun yi shuɗi. A Windows 10, ƙananan laftof ɗin nan na ɗalibai masu ma'ajiyar gigabayit 32 kan cika maƙil, in sabuntawa ta zo ta rasa wurin zama sai Windows ta matse wasu foldoji da kanta. Ko kuma wani ƙane mai ƙarambani ya ga akwatin Compress this drive to save disk space a jikin C, ɓangaren had-dis da Windows ke zaune, ya sa masa maki. Wannan na ƙarshen ne kaɗai ke iya jawo abin da za a kira matsala. Tsohuwar kwamfuta na iya ƙara nauyi, kuma a Windows 7 in matsewar ta haɗa da fayil ɗin tayar da kwamfutar, sai ta tsaya a baƙin allo tana cewa "BOOTMGR is compressed". Abin da ban tsoro a ido, amma da faifan Windows 7 ake gyara shi ba tare da an rasa takarda ko ɗaya ba. Mai son rabuwa da shuɗin ya shiga Properties, ya danna Advanced, ya cire makin da ke gaban Compress contents to save disk space, bayan ya tabbatar akwai filin da fayilolin za su miƙe. In ya kwafe su zuwa filash mai tsarin FAT32 ma baƙaƙe za su sauka, domin FAT32 bai san matsewa ba.

Abin mamaki, bairos ɗin da ake ta zargi ba ruwansa da launin suna. Wanda ya fi addabar filash a shagunan buga takardu, wanda ake kira shotkot, abin da yake yi shi ne ya liƙa wa foldojinka alamar ɓuya da ta "fayil ɗin tsarin kwamfuta", sannan ya jera gajerun hanyoyi masu irin sunayensu, domin in ka danna ka kunna shi. In ka sa Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli, har da na tsarin, za ka ga foldojin naka suna nan, hoton jikinsu ne kawai ya kwashe ya yi dishi-dishi, sunan kuwa baƙi ne yadda yake. Bayan an kashe bairos ɗin, umarnin attrib -h -s -r /s /d a kan filash ɗin ke dawo da su fili. Haka manhajojin garkuwa da fayil don neman kuɗin fansa: WannaCry da ta girgiza duniya a watan Mayun 2017 ƙarshen sunan fayil take sauyawa zuwa .WNCRY, ba launi ba. Wanda ya ce maka ya gane bairos daga launin suna, lalube yake yi.

Yanzu sai kore, kuma a nan ya kamata a zauna.

A wannan tagar ta Advanced, ƙasa da akwatin matsewa, akwai wani mai cewa Encrypt contents to secure data. Ba sa haɗuwa: in ka sa wa ɗaya maki, na ɗayan zai fita. Tsarin da ke bayan wannan akwati sunansa EFS. Windows mai lakabin Home ba ta barin a taɓa shi, amma laftof ɗin hannu da ake shigo da su daga Turai da Amurka yawanci na ma'aikatu ne, da Pro suke zuwa, masu gyara kuma ba sa ɗora wa kowa komai sai Pro ko Ultimate. Don haka a Zariya kusan kowa na da akwatin a buɗe.

Yadda mutane ke faɗawa ciki kusan iri ɗaya ne. Mutum na son ya sa wa wata folda kalmar sirri saboda yara ko abokan ɗaki, ya yi 'yan dube-dube ya ci karo da akwatin, ya sa maki. Sunan ya koma kore. Ya danna foldar, ta buɗe ba tare da ta tambaye shi komai ba. Sai ya ce abin bai yi ba, ya bar shi haka ya manta, duk takardar da ya ƙara jefawa a ciki kuma kore take zama. Akwai ma waɗanda ba su taɓa akwatin ba sam: a Windows 7, zip ɗin da aka haɗa a Mac in aka warware shi da manhajar Windows ta cikin gida, yakan fito da korayen sunaye, tare da wata folda mai suna __MACOSX. Malami mai MacBook ya tura wa aji littattafai, ɗalibai su wayi gari da fayiloli kullallu ba su sani ba.

Alhali abin ya yi, fiye ma da yadda mai shi ya nema. Ga yadda yake. Kowane fayil da aka kulle, Windows na ƙirƙiro masa makullinsa na kansa, jerin lambobi na kan-mai-uwa-da-wabi, ta hautsina abin da ke ciki da shi ta hanyar AES mai bit 256, tun daga gyaran farko na XP. Shi wannan makullin fayil sai a kulle shi da wani makulli na biyu, na asusun da ka shiga kwamfutar da shi. Na biyun yana ajiye a foldar asusunka, can cikin AppData a ƙarƙashin Users, a C. Shi ma ba a sake yake ba, an kulle shi da kalmar sirrin da kake shiga Windows da ita. Sarƙa ce mai gaɓa uku: kalmar sirri ta buɗe makullin asusu, makullin asusu ya buɗe makullin fayil, makullin fayil ya buɗe fayil. Da ka shiga da safe ka riga ka buɗe duka ukun, shi ya sa ba a sake tambayar ka komai.

Daga nan ana iya gane abin da tsarin ke karewa da abin da ba ya karewa. Ɓarawon da ya sace laftof a ɗakin kwanan ɗalibai, ya zare had-dis ɗin ya soka a wata kwamfuta, zai ga sunayen fayilolin amma ba zai karanta ko layi ɗaya ba. Wanda ke da nasa asusun daban a kwamfutar ma haka. Amma yaron da ya zauna a kan asusunka bayan ka shiga, komai a buɗe yake gare shi, wato ainihin wanda aka so a hana shi ne ba a hana ba. In kuma ka liƙa fayil ɗin a imel ko WhatsApp, a buɗe zai tafi.

Ga inda al'adarmu ta ci karo da wannan tsari. Nasihar da kowane mai gyara ke yi wa kwastoma ita ce a raba had-dis gida biyu, Windows ta zauna a C, takardu su zauna a D, domin duk ranar da kwamfuta ta rikice a goge C kawai, D na nan lafiya. Nasiha ce mai kyau, ta ceci mutane da yawa. Sai dai ga koren fayil, takardar na D, makullinta na C.

Na taɓa zama a wani shago a Samaru a lokacin rububin kare furojet, wani malamin sakandare mai karatun digiri na biyu ya dawo da laftof ɗin da aka yi masa fomat jiyarsa.

"Injiniya, ai cewa ka yi ba za ka taɓa D ba."

"Wallahi Malam ban taɓa shi ba. Duba, ga su nan, babi na ɗaya har na biyar, ga girmansu ma a rubuce."

"To me ya hana su buɗewa?"

Yaron ya danna babi na huɗu, Word ta ce mai wannan asusu ba shi da izini. Ya shiga Security ya mayar da mallakar foldar ga sabon asusun, ya sake dannawa, amsa ɗaya. Ya ce, "Malam, wane suna ne a kan tsohon asusun, kuma mene ne faswod ɗin?" Ya buɗe sabon asusu da wannan suna da wannan kalmar sirri, harafi da harafi. Shiru. Ya kwafi fayil ɗin zai kai ɗaya kwamfutar, kwafin ma ya ƙi. Sunayen nan biyar suna jere kore shar a allo, babu wanda ya kawo launin a ransa sai da mai shagon ya dawo daga masallaci ya leƙa, ya yi salati. Abin da ya ceci malamin shi ne bugaggun kwafin da mai duba aikinsa ya bi da jan biro. Su aka ba mai buga rubutu ya sake bugawa daga farko.

Dabarar sake buɗe asusu da tsohon suna ba ta aiki ne domin makullin ba daga suna ko kalmar sirri aka ƙera shi ba. Lambobi ne da aka zaɓo sau ɗaya, ranar da aka fara sa wa akwatin maki, ba za su sake fitowa iri ɗaya ba. Kalmar sirri gadinsa kawai take yi. Sauya mallakar folda kuma izini yake gyarawa, alhali matsalar ba ta izini ba ce, abin da ke cikin fayil ɗin ne a hautsine.

Ba fomat kaɗai ke tsinka sarƙar ba. Wanda ya manta kalmar sirrinsa ya kai shago aka cire masa ita da filash ɗin nan na masu gyara, zai shiga Windows lafiya lau, amma korayen fayilolinsa za su ƙi buɗewa, domin makullin asusu na kulle da tsohuwar kalmar. Haka in wani asusun mai iko ne ya sauya masa ita da ƙarfi, kuma Windows kan yi gargaɗi a kan haka kafin a danna, ba a dai karantawa. In mutum da kansa ya canza, ya buga tsohuwar sannan sabuwar, babu abin da zai faru, Windows za ta sake kulle makullin da sabuwar. Wanda aka cire wa tasa kuma, in Allah ya sa ya tuno tsohuwar daga baya ya mayar da ita, yawanci fayilolin kan dawo.

Bayan ɓarna ta auku, sauran fata kaɗan ne, amma akwai. In an ɗora sabuwar Windows ne ba tare da an goge C ba, tsohon asusun na iya kasancewa a foldar Windows.old, kuma wanda ya san aikin zai iya zaƙulo makullin daga foldojin Crypto da Protect da SystemCertificates, muddin mai shi na tune da tsohuwar kalmar sirri. Sai a yi hanzari, domin Windows 10 kan share wannan folda da kanta bayan kwana 10 da sabuntawa. In an goge C ɗin, abu mafi hankali shi ne a kashe kwamfutar nan take a daina rubuta komai a kanta, ko manhajar tono gogaggun fayiloli za ta dace da waɗannan foldoji kafin a taka su. Manyan ma'aikatu masu kwamfutoci a kan cibiya ɗaya sukan naɗa wakilin ceto mai makulli na musamman, amma laftof ɗin gida ba ta da wannan gata. In duk waɗannan sun faskara, to an gama. AES mai bit 256 ba a fasa shi da ƙarfi, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan zai "kirakin" ɗinsa ba tare da makulli ba, kuɗin kawai zai ci.

Ni a ganina Microsoft ma na da nata kason laifin, ba don tsarin ba, don yadda ta ɓoye shi. Gaskiya ne tun Vista akwai ɗan saƙon da ke leƙowa a kusurwar allo yana cewa a adana makulli, amma a cikin tarin saƙonnin da ke leƙowa daga wannan kusurwa, wa ke tsayawa karanta shi? Sannan a zamanin Windows 10, sai launukan suka koma zuwa a kashe. Fayil ɗin da aka matse ya samu 'yan kibau biyu shuɗɗa a kusurwar hotonsa, wanda aka kulle ya samu ɗan ƙwado, ƙanana ƙwarai in jerin na da tsawo. Koren suna ko banza yana tsone ido, mai shago zai hango shi daga bakin ƙofa. Ɗan ƙwadon nan sai an sunkuya. Mai son launukan su dawo ya buɗe File Explorer, ya shiga Options, ya zaɓi View, ya sa maki a gaban Show encrypted or compressed NTFS files in color. Da ni ke da shagon gyara, wannan makin zan fara sawa a duk kwamfutar da ta shigo.

Kuma rashin kore ba ya nufin babu kulle. BitLocker, wanda ke nan tun Vista, had-dis ɗin yake kullewa gaba ɗaya, ba ya sauya launin ko suna ɗaya. Sababbin laftof masu Windows 11 da yawa kan kunna shi da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, makullin cetonsa mai lambobi 48 kuma ya tafi cikin wannan asusu a intanet. Wanda yaron shago ya buɗe wa asusun da imel ɗin da shi kansa bai san kalmar sirrinsa ba, ya bincika tun kwamfutar na tashi.

Binciken kore kafin fomat kuwa bai kai minti biyar ba a yawancin kwamfutoci. A shiga da asusun mai kwamfutar, a buɗe cmd, baƙin allon rubuta umarni na Windows, a buga cipher /u /n. Za ta zagaye had-dis ɗin ta jero duk fayil ɗin da EFS ya kulle, har waɗanda mai su ya manta da su. In jerin ya fito babu komai, a ci gaba da aiki. In akwai, hanya biyu ce. Wanda ba ya bukatar kullen ya koma Advanced ya cire makin, ya jira sunayen su koma baƙi, ya buɗe ɗaya ya tabbatar, sannan a goge C. Wanda ke bukatarsa ya buga cipher /x tare da sunan da yake so, Windows za ta nemi ya zaɓi kalmar sirri, ta fitar masa da ɗan fayil mai ƙarewa da .pfx, wanda bai wuce 'yan kilobayit ba. Bayan an ɗora sabuwar Windows, a danna shi sau biyu, a buga kalmar, korayen fayilolin su buɗe kamar da. Shi wannan .pfx ɗin a kai shi filash daban ko a tura wa kai ta imel. Kada a bar shi a C, kada kuma a jefa shi cikin koriyar foldar da aka fitar da shi dominta.